Jan Ruwan Inabi a Ƙetaren Kogin Kaduna: Yadda Ake Gane Kwalbar da Ta Cancanci Kuɗinta

Daga tsakiyar Nuwamba har a shiga sabuwar shekara, duk wanda ya bi hanyar Kachia daga Kakuri, ya wuce unguwar Television, ya nufi Sabon Tasha, zai ga katan-katan na jan ruwan inabi jibge a ƙofofin shaguna, wasu har sun cinye baranda. Lokacin ɗaurin aure ne a majami'u, ga Kirsimeti, ga tarukan ƙarshen shekara na ƙungiyoyin Bajju da Atyap da Ham da Gbagyi da Ibo da sauran mazauna wannan ƙetaren. Kowane kwamitin biki yana da mutum guda da ake ɗora wa sayen abin sha. Shi ne zai tsaya gaban kanta a Barnawa ko Narayi yana kallon kwalabe biyu masu kama da juna, ɗaya ta ninka 'yar'uwarta kuɗi sau huɗu, kuma babu mai gaya masa dalili.

Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 jama'ar Kaduna suka sake matsuguni, Kiristoci suka fi yawa a kudancin kogi, Musulmi a arewa, shi ya sa cinikin barasa ya fi fitowa fili a wannan ɓangaren. Ga Musulmi barasa haram ce, kuma akwai Kiristoci da yawa da ba sa kusantar ta, musamman a ECWA da Baptist. Su ma maganar ta shafe su, domin kwalaben da ba su da barasa a kanta ɗaya ake jera su, kuma jabu bai bar su ba. Kudancin Kaduna ya san giyar kwalba tun da kamfanin Nigerian Breweries ya buɗe masana'antarsa ta Kakuri a 1963, ya kuma san burukutu tun kafin nan. Ruwan inabi kuwa baƙo ne. Inabin da ake nomawa a ƙaramar hukumar Kudan, kusa da Zariya, na ci ne ake kaiwa kasuwa. Abin da ke cikin kwalba daga Sifaniya ya fito, ko Afirka ta Kudu, ko Faransa, ko Italiya, ko Chile, ko Kalifoniya, sai 'yan kaɗan da ake haɗawa a kudancin Najeriya. Da yake mutane ba su taso da shi ba, sai suka riƙi farashi a matsayin ma'auni. A Kaduna kuwa farashi ne ya fi kowane ma'auni yaudara.

Ina kuɗin ke tafiya

Kwalba ɗaya mai santilita 75 tana cin inabi kilo ɗaya da ɗoriya. Bayan wannan sai gilashin kansa, da murfi, da takardar da aka manna, da katan, da kuɗin jirgin ruwa zuwa Apapa ko Tin Can, da harajin kwastan, da harajin VAT wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairun 2020, da kuɗin tirela na fiye da kilomita 700 zuwa Kaduna, da ribar mai shigo da kaya, da ta ɗan sari, da ta mai shago. Gilashi da katan da jirgi da tirela ba su san mai tsada da mai araha ba, kusan kuɗi ɗaya suke ci a kowace kwalba. Don haka a kwalbar da ta fi kowace araha, abin da ya rage wa ruwan da ke ciki ɗan ƙanƙani ne. Idan aka ɗan hau sama kaɗan, yawancin ƙarin yana shiga cikin ruwan kansa, kuma harshe yana jin bambancin. Idan aka ci gaba da hawa sai a iso wurin da ƙarin kuɗi ya daina sayen ɗanɗano, ya koma sayen suna da ƙarancin kaya da kwalin kyauta. Tsakanin waɗannan biyun mai hankali ke yin cinikinsa.

Ga kuma maganar dala. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta kai wajen 1,500. Kwalbar da kuɗinta ya ninka sau biyu ko uku a wannan tsakanin ba ta ƙara daɗi ko kaɗan ba. Wanda ya tuna farashin da, ya ga na yanzu, ya ɗauka ya sayi wani abu na musamman, ruwan da ya saba sha ya sayo.

Akwai tsadar da take da dalili. Gonar da aka rage wa 'ya'ya da gangan don waɗanda suka rage su yi ƙarfi tana ba da ruwa kaɗan. Tsinka da hannu ya fi na inji tsada. Gangar katakon oak da ake ajiye ruwan a ciki a yankin Bordeaux lita 225 take ɗauka, wato kwalba 300, kuma sabuwa daga Faransa kan kai wajen dala dubu. Ajiyar shekara biyu ko uku kafin a sayar ita ma kuɗi ce da ke kwance. Duk waɗannan ana iya jin su a baki. Nauyin kwalba, zurfin ramin gindinta, zaren zinariya da aka naɗa mata, da hoton wani gidan sarauta a jikinta, babu ɗaya da ake sha.

Tambayar farko: na gaske ne?

Kafin a yi zancen daɗi sai an tabbata abin da ke ciki shi ne aka rubuta a waje. A Disambar 2023 hukumar NAFDAC, ƙarƙashin Farfesa Mojisola Adeyeye, ta kai samame kasuwar Eziukwu da ke Aba, wadda aka fi sani da kasuwar Cemetery, ta rufe shaguna fiye da 240 da aka mayar wuraren haɗa abin sha na jabu. Cikin sunayen da hukumar ta ce ana kwaikwaya akwai Four Cousins da Carlo Rossi da Eva. Duk wanda ya taɓa zuwa biki a Unguwar Boro ko Kamazou ya san waɗannan sunaye uku, kuma saboda kowa ya san su ne ake kwaikwayon su. Mai jabu ba ya wahalar da kansa da kwalbar da babu mai nema.

Haɗarin ya wuce asarar kuɗi. Jabu ruwa ne da siga da kala da barasar da ba a san asalinta ba, kuma idan sinadarin methanol ya shiga ciki yana makantarwa, yana kashewa. A Afrilun 2015 mutum 18 suka mutu a Ode-Irele ta jihar Ondo, bincike ya nuna methanol ne a cikin ogogoro da suka sha, kuma a Yunin shekarar wasu gommai suka mutu a jihar Ribas ta hanya iri ɗaya. Wancan ba ruwan inabi ba ne, amma hannun da ke haɗa jabu ba ya tantance gangar da ya ɗebo barasarsa.

Ga abin da ake dubawa, kuma a cikin haske, ba a lungun shago ba. A nemi lambar rajistar NAFDAC da sunan kamfanin da ya shigo da kayan da adireshinsa a Najeriya. Lamba kaɗai ba hujja ba ce, domin ana buga ta ta ƙarya, amma rashinta ya isa a ajiye kwalba. A duba takardar jiki: ta gaske a miƙe take, rubutunta tsaf, ba gam da ya ɓullo ta gefe, ba kuskuren haruffa. A kama rigar da ke rufe wuyan kwalba a ga ko ta yamutse ko an ƙona ta da wuta don ta kama. Idan murfin murɗawa ne, zoben da ke ƙasansa ya kasance a haɗe, kuma ya yi ƙara idan aka buɗe. Sai a ciro kwalabe uku ko huɗu daga katan ɗaya a jera. Inji ba ya kuskuren awo, duk tsayin ruwansu ɗaya ne, lambar rukuninsu ɗaya ce kuma ta yi daidai da ta jikin katan. Hannun mutum da mazurari ba ya iya wannan.

Kayan Afirka ta Kudu suna da wata ƙarin kariya. Tun 1973 ƙasar take da tsarin tabbatar da asali, kuma kwalbar da ta faɗi yankinta ko shekararta ko irin inabinta tana ɗauke da ɗan hatimi mai lamba a wuya ko a baya, wanda ake iya bincikawa ta intanet a shafin hukumar SAWIS. Na yankin Rioja a Sifaniya ma suna da ɗan tambarin hukumar yankin a baya.

Araha fiye da ƙima ita ce babbar alama. Idan manyan kantuna uku sun faɗi farashi kusa da juna, na huɗu ya zo da rabin haka yana cewa kayan gwanjon kwastan ne, a gode masa a wuce. Tsada kuma ba ta kare kowa ba. Rudy Kurniawan ya shafe shekaru yana haɗa kwalabe a gidansa kusa da Los Angeles yana sayar wa attajirai a matsayin tsofaffin kayan Faransa, har aka kama shi a 2012, aka yanke masa shekara 10 a 2014.

Zafi, abokin gaban da ba a gani

Wannan ne wurin da Kaduna ta bambanta da ƙasashen da ake rubuta yawancin shawarwari dominsu, kuma wurin da kuɗi suka fi salwanta. Ruwan inabi yana son sanyin digiri 12 zuwa 15, da duhu, da rashin motsi. Idan ya daɗe a sama da digiri 25 yana saurin tsufa, idan ya haura 30 sai ya fara dahuwa. A Maris da Afrilu zafin Kaduna kan wuce digiri 35 da rana, cikin kwantenar ƙarfe ko shagon kwano kuwa ya fi haka nesa. Kwantena na iya yin makonni a tashar Legas, ta yi kwanaki a hanya, ko ta sauka a tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a Janairun 2018 ko a ma'ajiyar ɗan sari, sannan kwalbar ta zauna watanni a kanta ba na'urar sanyaya ɗaki, ko da na'urar amma ba wuta. Kwalba ta gaske, daga gida mai suna, tana iya isowa Barnawa a mace.

Abin takaici shi ne mai tsadar ce ta fi shan wannan wahala. Mai araha tana fita da sauri, katan ya zo yau, mako biyu ya ƙare. Mai tsada tana zaune a saman kanta, inda zafi ke taruwa, sau da yawa kusa da taga ko ƙarƙashin fitila don a gan ta, tana jiran mai kuɗi shekara guda ko biyu.

Alamun a bayyane suke ga mai lura. Ruwa idan ya ɗumama yana kumbura, sai ya ture toshiyar bakin kwalba sama, don haka a shafa saman da babban yatsa, idan ya yi tudu akwai matsala. A duba ko akwai busasshen jan layi da ya gangaro daga wuya, ko rigar wuyan tana danƙo. A ɗaga kwalbar a haske a ga ko ruwan ya sauka ƙasa da tsakiyar wuya alhali shekarunta ba su kai biyar ba. A duba takarda ko rana ta koɗe ta. Sannan a taɓa kwalbar da tafin hannu. Idan da ɗumi a lokacin saye, haka ta kwana jiya, haka ta wuni shekaranjiya.

Saboda haka a Kaduna tsufa ba abin alfahari ba ne. Yawancin jan ruwan inabi na duniya an yi shi ne a sha cikin shekara biyu zuwa uku, kuma ga kayan yau da kullum sabuwar shekara ta fi tsohuwa aminci. Wanda ya ga 2015 a jikin kwalba mai matsakaicin kuɗi ya ɗauka tsintuwa ce, ya fara tambayar inda ta yi waɗannan shekarun. Murfin murɗawa ma, da wasu ke rainawa, ya fi dacewa da nan: ba ya bushewa idan kwalba ta daɗe a tsaye, kuma manyan gidajen Ostiraliya da New Zealand sun daɗe da komawa kansa. A nemi na cikin katan da ba a buɗe ba, daga ƙasa, a shagon da kaya ke fita da sauri.

Abin da takardar jiki ke faɗa

Ƙa'idar mai sauƙi ce: gwargwadon ƙanƙantar wurin da aka ambata, gwargwadon yawan dokar da ke kansa. Kwalbar da ta ce kawai haɗin ruwan inabi ne na ƙasashen Tarayyar Turai tana ƙasan tsani, daga manyan tankuna aka cika ta. Wadda ta faɗi ƙasa ta ɗan fi ta. Wadda ta faɗi yanki, kamar Rioja ko Bordeaux ko Stellenbosch ko Chianti, akwai hukumar da ke sa ido a kanta. Faransa ta kafa wannan tsari a 1935, shi ne haruffan AOC ko AOP, Italiya ta bi da DOC a 1963. A dokar Turai, idan an rubuta irin inabi ko shekara, aƙalla kashi 85 cikin ɗari na abin da ke ciki ya zama haka. A Amurka kashi 75 ya isa a rubuta sunan irin inabi.

Kalmar Reserva a kwalbar Rioja alkawari ce da doka ke bi: shekara 3 na ajiya, aƙalla ɗaya a cikin ganga. Crianza shekara 2 ce, Gran Reserva 5. Amma Reserve a kwalbar Kalifoniya babu dokar da ta ɗaure ta, haka su Premium da Special Selection da Gold a ko'ina. Ado ne na mai talla.

Suna ma yana ruɗi. Château Mouton Rothschild gona ce guda a Pauillac, tana cikin jerin da aka tsara a 1855 bisa umarnin Napoleon na Uku, aka ɗaga ta zuwa sahun farko a 1973. Mouton Cadet, wanda ake gani a kantunan Najeriya, kamfanin dangin ne ya fito da shi a 1930, daga inabin gonaki da yawa na Bordeaux, miliyoyin kwalabe a shekara. Abin sha ne mai kyau a matsayinsa, amma kada wani ya saye shi a farashin Château Mouton Rothschild. Four Cousins kuwa na gidan Van Loveren ne a Robertson ta Afirka ta Kudu, Carlo Rossi na kamfanin Gallo ne a Kalifoniya. Dukansu an yi su ne don taro da yau da kullum, a can gidajensu kayan araha ne, kuma ba laifi ba ne. Laifin yana wurin wanda ya sayar da su a nan da kuɗin kayan alfarma. Waya na iya taimakawa: a nemi farashin kwalbar a ƙasar da ta fito, a juya zuwa naira. Ninki biyu ko ɗan fiye ba abin mamaki ba ne bayan duk wannan tafiya. Ninki biyar ko shida yana neman bayani.

A baki ake yanke hukunci

Wanda zai sayi katan goma ya fara da kwalba ɗaya. A sanyaya ta kamar rabin sa'a, domin jan ruwan inabi ya fi daɗi a digiri 15 zuwa 18, kuma maganar da ake yi cewa a sha shi da ɗumin ɗaki, ɗakin Turai ake nufi. A zuba kaɗan a kofin gilashi mai tsabta, a karkata shi a kan farar takarda. Sabo ja ne mai ɗaukar shunayya. Idan shekararsa biyu ko uku amma bakinsa ya yi ruwan ƙasa, iska ko zafi sun riga sun ci shi. Layukan da ke gangarowa jikin kofi bayan an juya shi yawan barasa kawai suke nunawa, ba inganci ba.

Sai hanci. Warin jiƙaƙƙen kwali ko ɗakin da damina ta rufe yana nufin toshiyar ta gurɓata da sinadarin TCA, wannan kuma kan faru har da mafi tsada. Warin ruwan tsami na binega ko na man goge farce yana nufin ya lalace. Ƙamshin dafaffen 'ya'yan itace da ƙonannen siga a ruwan da bai kamata ya yi zaƙi ba, aikin zafi ne. Mai lafiya yana ƙamshin 'ya'yan itace sabo, wani lokacin da ɗan yaji ko hayaƙi ko katako.

A baki abubuwa huɗu ne ke aiki: tsami, zaƙi, zafin barasa, da bauri. Baurin nan da ke kama dasashi ya busar da harshe daga ɓawon inabi da ƙwayarsa yake fitowa, dangin sinadarin nan ne da ke cikin goro da baƙin shayi da bagaruwar da majema ke jeme fata da ita. Mutane da yawa idan sun ji shi sai su ce kwalbar ta lalace, alhali shi ne ƙashin bayan jan ruwan inabi. Abin nema shi ne kada ɗaya ya danne sauran. Barasa kada ta ƙona maƙogwaro, tsami kada ya kashe haƙori, bauri ya zama mai laushi, zaƙi kada ya yi danƙo. Bayan an haɗiye sai a yi shiru a ƙirga. Na araha yana ɓacewa nan take, ko ya bar ɗaci. Mai kyau yana zama a baki daƙiƙa goma, ashirin, ko fiye, kuma kurɓa ta biyu tana kawo abin da ta farko ba ta kawo ba. Wannan daɗewar tana cikin abubuwa kaɗan da ke da wuyar ƙirƙira da siga da kala, kuma ita ce ta fi cancantar a biya mata ƙari.

Siga yana buƙatar a tsaya a kansa, domin a bukukuwan Kaduna mai zaƙi ne ke fara ƙarewa. A ma'aunin Turai, wanda ba shi da zaƙi bai wuce giram 4 na siga a lita ba, mai zaƙi sosai kuwa daga giram 45 ne zuwa sama. Son zaƙi ba ƙauyanci ba ne, kuma da abinci mai barkono, kamar tsire da yaji ko farfesun kayan ciki, mai ɗan zaƙi da ƙarancin barasa ya fi tafiya, domin bauri da barasa mai ƙarfi suna ƙara wa barkono wuta. Sai dai siga yana rufe aibi, kuma yin jan mai zaƙi na yau da kullum ba ya cin kuɗi sosai. Don haka ba a biya masa kuɗi mai yawa. Mai bauri irin Cabernet Sauvignon ko Shiraz ko Pinotage, wanda Farfesa Abraham Perold ya samar a Afirka ta Kudu a 1925, ya fi dacewa da balangu da gasasshen nama mai kitse.

Gwajin rufe kwalba

Ido da kunne suna riga harshe yanke hukunci, kuma an gwada wannan. A ranar 24 ga Mayun 1976, wani Bature ɗan Ingila mai shagon giya a Paris, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun Faransa su ɗanɗana kofuna ba tare da ganin kwalabe ba. A cikin ja, Stag's Leap na 1973 daga Kalifoniya ne ya zo na ɗaya, ya wuce Mouton Rothschild da Haut-Brion. A 2008 Hilke Plassmann da abokan aikinta a Kalifoniya suka ba mutane ruwa iri ɗaya sau biyu, suka ce na farko dala 10 ne, na biyu dala 90. Mutanen suka ce na 90 ya fi daɗi, kuma na'urar duba ƙwaƙwalwa ta nuna da gaske sun fi jin daɗinsa. A shekarar dai Robin Goldstein da abokansa suka tattara gwaji fiye da 6,000 na rufe kwalba a Amurka, suka tarar waɗanda ba su da horo sun ɗan fi son na araha, masu horo ne kawai suka ɗan karkata ga mai tsada.

Kwamitin biki na iya yin nasa da yamma ɗaya. A sayo kwalabe uku masu bambancin farashi, mutum guda ya naɗe su da jarida ya sa musu lamba, shi kuma kada ya ɗanɗana. Mutum biyar ko shida, maza da mata, irin waɗanda za su zo bikin, kowa ya kurɓa da ɗan abincin da za a ci ranar, ya rubuta zaɓinsa a takarda kafin a yi magana, domin muddin babba ya fara faɗin nasa sauran za su bi. Idan ta tsakiya ta yi nasara, an huta. Idan mai tsadar ta yi nasara da tazara, an san kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Lissafin sauran mai sauƙi ne: kwalba ɗaya kofi 5 ce ko 6, katan yawanci kwalba 6 ne ko 12, a tambaya kafin a kwatanta farashi.

Marar barasa, da na bagadi

Kwalaben da ake kira marasa barasa iri biyu ne, kuma bambancin yana da nauyi ga wanda addininsa ya hana. Akwai ruwan 'ya'yan inabi da aka sa wa gas, wanda bai taɓa zama giya ba, irin wanda aka fi gani a bukukuwa. Akwai kuma giyar da aka cire wa barasa bayan ta nuna, wadda a dokokin ƙasashe da yawa ake yarda ta riƙe har kashi 0.5 cikin ɗari. Mai gayyatar maƙwabta Musulmi daga Tudun Wada ko Unguwar Rimi, ko dattawan ikilisiya, ya karanta ƙaramin rubutun baya, ya kuma ware musu tebur da kofunan da ba za su cakuɗa da na sauran ba. A jerin kayan haɗi a duba ko ruwan inabi ne a gaba, ko ruwa da siga da kala ne. Idan na biyun ne, zoɓo mai kyau da aka dafa a gida da citta da kanumfari ya fi shi, ya kuma fi araha.

Na bagadi kuwa yana da tasa doka. A kundin dokokin cocin Katolika, doka ta 924 ta ce ruwan inabin hadaya ya zama na asali daga 'ya'yan inabi, wanda bai lalace ba. Abin da aka rubuta masa tonic, ko wanda aka haɗa da wasu 'ya'yan itace da ƙamshi, bai shiga ba, komai tsadarsa. Katikis ko dattijon da aka aika ya saya a wurin da ikilisiya ta amince da shi.

Akwai kuma zancen da ke yawo cewa jan ruwan inabi yana ƙara jini, yana gyara zuciya, wanda ke sa wasu sayen mai tsada a matsayin magani, har su kai wa mara lafiya ko mai jego. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya, kuma tun 1988 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa abin sha mai barasa a sahun farko na masu jawo cutar. Mai ciki, da mai shan magani, da wanda zai tuƙa mota ya koma Gonin Gora da dare, babu kwalbar da ta dace da su a kowane farashi.

Idan an gama zaɓi, a karɓi rasit mai sunan shago, a yi yarjejeniyar dawo da katan ɗin da ba a buɗe ba, kuma a buɗe kowane katan a gaban mai shago a ga lambobinsa sun yi daidai da na kwalbar da aka gwada. Kada kayan su wuni a bayan mota a rana. A gida a ajiye su a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da kicin da janareta, masu toshiya a kwance. Wadda aka buɗe aka rage, a rufe a sa a firji, kwana uku zuwa biyar ne iyakarta. Bayan biki kuma masu tsintar kwalabe za su zo, kuma kwalba mai suna da takardarta lafiya lau ita ce jarin mai jabu. A yage takardar ko a kankare ta da wuƙa, a jefar da murafen daban, sannan a ba su.